Motar Farko: 'Yar Kwatano Ko Ta Hannu?

Duk wanda ya tara kuɗi da niyyar sayen motarsa ta farko, da zarar ya furta zai ga masu ba shi shawara sun rabu gida biyu. Wasu za su ce kada ya kuskura ya sayi motar da ta taɓa taka kwaltar Najeriya, ya daure ya ƙara kuɗi ya ɗauko wadda aka sauke daga jirgin ruwa, wato 'yar Kwatano ko Beljiyam, wadda mutanen kudu ke kira tokumbo. Wasu kuma za su ce ya nemi ta hannu, wadda wani ya riga ya yi wa lamba ya hau a nan gida, ya saya da sauƙi ya riƙe ragowar kuɗinsa. Kowane ɓangare yana da hujja, kuma kowane yana da wanda zai nuna a matsayin shaida: ga wanda ya sayi ta hannu ya tare a gareji, ga kuma wanda 'yar Kwatano ta zame wa alaƙaƙai. A ganina, ga mai sayen farko wanda kuɗinsa ƙidayayyu ne, ta hannu mai lafiya, daga hannun da aka sani, kuma irin wadda kowane bakanike ya iya, ita ta fi masa alheri. Sai dai wannan hukunci yana da sharuɗɗa, kuma ba zai tsaya da ƙafarsa ba sai an saurari ɗaya ɓangaren da adalci.

Yana da kyau a fara tuna abin da ya sa gardamar ta tsaya tsakanin tsohuwa da tsohuwa. An yi zamanin da ma'aikacin gwamnati yake karɓar rancen mota ya sayi sabuwa dal. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, Volkswagen yana Legas, ana haɗa manyan motoci a Kano da Bauchi da Inugu da Ibadan, 504 kuma ta zama motar ofis da ta magidanta. Faɗuwar darajar naira bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ita ta rufe wannan babi, kasuwa ta koma hannun masu shigo da kwancen Turai da Amurka. A yau, duk da akwai Innoson a Nnewi da wasu masu haɗa motoci a cikin gida, sabuwar mota ta fi ƙarfin malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya da mai shago guda. Ba mu kaɗai ba ne a wannan hali. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce nahiyar da ta fi kowace karɓa. Ke nan duk motar da mai sayen farko zai ɗora hannu a kanta, wani ya riga ya more ƙuruciyarta. Abin tambaya kawai shi ne a ina aka more ta, kuma me aka bar masa.

Masu goyon bayan 'yar Kwatano suna da magana mai ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Motar da ta yi shekara goma a Jamus ko Amurka ta yi su ne a kan hanya mai kyau, tana shan mai mai tsabta, ana yi mata juye a kan kari da baƙin man da kamfani ya tsara mata. Ba ta san ramukan damina ba, ba ta shaƙi ƙurar hunturu ba, ba a taɓa ɗora mata buhunan masara da mutum bakwai ba. Injinta da giyarta galibi suna nan yadda suka fito daga masana'anta, babu wanda ya taɓa buɗe su, wayoyinta ba a yanke an yi musu ƙari ba. Bayan haka, motocin Amurka da Kanada suna da tarihin da ake iya bincikawa: kowace tana ɗauke da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, kuma da ita kamfanoni irin su Carfax suke fitar da bayanin haɗurran da aka rubuta mata da nisan tafiyar da ta yi. Ga kuma batun sayarwa daga baya, domin wanda ya fara yi wa mota lamba yakan sami mai saye da daraja fiye da wanda ya karɓe ta a hannu na uku. Shi ya sa suke cewa sayen nagari mayar da kuɗi gida ne, kuma idan motar nagari ce da gaske, ba su yi ƙarya ba.

Inda maganar take da rauni shi ne zaton cewa duk abin da ya sauko daga jirgi nagari ne. Da yawa daga cikin motocin da ake kawowa daga Amurka an sayo su ne a wuraren gwanjo irin su Copart da IAA, inda kamfanonin inshora suke zubar da motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye, bayan sun lissafa sun ga gyaransu ya fi ƙarfin darajarsu. Guguwar Harvey kaɗai, a 2017, ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston, kuma irin waɗannan ba duka ake murƙushewa ba. Mai shigowa yakan sayi mai rauni da araha, a sauke ta a Legas, mai bugun bodi da mai fenti su yi aikinsu, ta iso filin sayarwa tana ƙyalli. Jakar iskar da ta fashe a haɗarin ba lallai a mayar da ita ba, a ɗinke wurin kawai a kashe fitilar gargaɗin. Wadda ta sha ruwa kuwa takan yi watanni lafiya lau kafin tsatsa ta cinye mahaɗan wayoyi, ta fara ciwon da bakanike ba ya gane kansa. Wadda ta fito daga jihohi masu dusar ƙanƙara, inda ake watsa gishiri a kan titi, sau da yawa ƙarƙashinta a ruɓe yake. Agogon tafiya ma ana mayar da shi baya, kuma mai sayen da bai san cewa motar Amurka da mil take ƙirga ba, wanda kowane ɗaya ya kai kilomita 1.6, zai ɗauka ta yi ƙasa da abin da ta yi.

Sannan ga farashi, wanda shi ne ya sauya lissafin gaba ɗaya a 'yan shekarun nan. 'Yar Kwatano da dala ake sayenta, da dala ake biyan jirgi, kuma da farashin dala kwastan suke lissafa harajinta. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Bayan an saki naira a watan Yunin wannan shekarar, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Tun Janairun 2017 kuma gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, saboda haka motar da ta biyo ta daji daga Jamhuriyar Benin ko Nijar ba tare da sahihiyar takardar kwastan ba, ana iya ƙwace ta a kan hanya ko da ta shekara a hannun mai ita. Daga 2022 kwastan suka fara ƙiyasta haraji da lambar shasi, abin da ya rage damar sassauci a tashar jirgi. Sakamakon duk wannan shi ne kuɗin da a da zai sayi 'yar Kwatano mai kyau, yanzu sai dai ya sayi mafi tsufa ko mafi rauni a filin. Wanda ya nace sai 'yar Kwatano alhali aljihunsa bai kai ba, yawanci ragowar abin da masu kuɗi suka tsallake yake ɗauka.

A nan ne masu goyon bayan ta hannu suke samun bakin magana. Hujjarsu ta farko sauƙin kuɗi, domin iri ɗaya, shekara ɗaya, ta hannu takan yi ƙasa da 'yar Kwatano nesa ba kusa ba. Ta biyu, wadda ta fi muhimmanci a wurina, ita ce tarihin ta hannu a kusa yake. Idan motar wani ma'aikaci ce a unguwa, ko ta wata malama da ke zuwa makaranta da ita ta dawo, ana iya sanin shekarun da ta yi a hannunsa, a je wurin bakaniken da yake duba ta a tambaye shi, a ji ko an taɓa sauke injin, ko ta taɓa yin zafi, ko ta taɓa karo. Maƙwabta ma shaidu ne. Ta uku, duk wani ɓoyayyen ciwo da ta zo da shi daga waje ya riga ya bayyana a hannun wanda ya fara hawa, kuma shi ya biya kuɗin maganinsa. Motar da ta yi shekara uku tana zirga-zirga tsakanin Kano da Zariya cikin zafin bazara ba tare da ta tafasa ba, ta ci jarrabawar da 'yar Kwatano ba ta zauna ba tukuna. Ta huɗu, idan an sami matsala akwai wanda za a koma wa. A shari'ar Musulunci ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye yana da zaɓin mayarwa idan aibin ya bayyana. Wannan haƙƙi yana da amfani idan mai sayarwa mutum ne da ake sallah tare da shi, amma ba shi da inda za a kai shi idan mai motar na asali yana Texas.

To amma ita ma ta hannu tana da nata tabon, kuma masu sukarta sun san shi ciki da bai. Yadda ake riƙon mota a ƙasar nan yana kashe ta tun kwananta bai ƙare ba. Da zarar ta ɗan yi zafi sai bakanike ya cire na'urar daidaita zafin inji ya jefar, ya haɗa fanka kai tsaye, a riƙa ɗura ruwan rijiya a lagireto maimakon ruwan sanyaya inji, har tsatsa ta toshe hanyoyin. Wasu sukan fasa salansa su cire abin tace hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi su sayar, motar ta koma shan mai tana wari. Ana juye da man da aka samu, lokacin da aka samu dama. Idan fitilar gargaɗi ta kama a dashbod, sai a cire ƙwan. Sannan akwai wanda ba ya sayar da mota sai ya ga alamar giya ko inji na shirin bugawa, ya zuba mai mai kauri don ya danne ƙara da hayaƙi, a wanke inji tas, a miƙa wa dillali. Shi kuwa dillali la'adarsa yake nema, kuma sau da yawa ko shi bai san mai motar na ainihi ba saboda ta bi ta hannu uku kafin ta iso shi. Mafi muni, akwai motocin sata da ake sauya wa lamba da takardu. Duk wannan gaskiya ne, kuma wanda ya shiga filin dillalai shi kaɗai, ido rufe, ya ɗauki ta hannu don ta yi masa kyau, ya fi mai sayen 'yar Kwatano shiga haɗari.

Tun da kowane ɓangare yana da nagari da mugu, abin da zai raba gardamar shi ne halin mai sayen kansa. Mai sayen farko ya bambanta da wanda ya saba ta hanyoyi uku. Hannunsa bai faɗa ba, saboda haka zai goga ƙofar gida, zai hau kwalbati, zai iya ƙona kuloci idan mai giyar hannu ce. Kunnensa bai san ƙarar lafiya da ta ciwo ba, saboda haka dole ya dogara da bakanike. Kuma galibi duk abin da ya tara, ko na adashi ko na rance, shi ya fito da shi. Abin da bai lissafa ba shi ne ranar saye ita ce farkon kashe kuɗi. Akwai lamba ko sauya sunan mallaka, akwai lasisin tuƙi, akwai takardar lafiyar mota, akwai inshora, wadda mafi ƙanƙantarta ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun Janairun 2023. Akwai tayu, domin ko 'yar Kwatano takan zo da tayun da suka tsufa ko waɗanda aka yi domin ƙasar sanyi, akwai batir, akwai juyen farko. Mutumin da ya zuba duk abin da yake da shi don a ce ya sayi Beljiyam, ranar da famfon mai ko na'urar sanyi ta tsaya sai ya jingine motar a ƙofar gida. Wanda ya sayi ta hannu da kashi uku cikin huɗu na kuɗinsa ya ajiye ɗaya, gyara ba zai tsayar da shi ba. Wannan ragowar kuɗin ita ce babbar hujjata, domin ita ce bambancin mai mota da mai ajiyar mota.

Irin motar ma ya fi inda ta fito muhimmanci, kuma nan ne sha'awa take kayar da mutane. Tsohuwar Mercedes ko BMW ko babbar jif takan zo da farashi mai jan hankali, har ta yi daidai da ƙaramar Toyota, sai saurayi ya ga ai gara ya shiga babbar. Dalilin arahar shi ne waɗanda suka sani suna gudun kuɗin riƙonta. Toyota Corolla, wadda aka fara ƙerawa a 1966 kuma aka sayar da fiye da miliyan 50 a duniya, ta yi suna ne saboda kayanta suna ko'ina: Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja, Ladipo a Legas, kuma ko a ƙaramin gari ta lalace za a sami wanda ya taɓa kwance irinta. Ga kuma mai. Kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a wurare da yawa. A ɗauka mutum yana tafiyar kilomita 30 a rana, wato 900 a wata. Idan motarsa tana yin kilomita 12 da lita guda, lita 75 za ta ishe shi; idan 7 take yi, sai ya sayi kusan lita 129. Bambancin lita 54 ke nan, wanda a kan naira 1,000 ya kama 54,000 duk wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake 70,000. Za a iya cewa sunan Toyota ya sa an tsauwala mata kuɗi, kuma haka ne. Amma akwai mafita: Pontiac Vibe injin Toyota ne a cikinta, Honda Civic tana da sauƙin mai, Peugeot 406 da Golf kuwa makanikan arewa sun san su kamar yunwar cikinsu. Ma'aunin dai guda ne, wato mutum ya dubi abin da ya fi yawa a titin garinsu da kasuwar kayan gyaran garinsu.

Suka mafi nauyi a kan matsayina ita ce: ina za a sami wannan ta hannu mai lafiya, alhali mai mota mai kyau ba ya rabuwa da ita? Amsar ita ce ana samu, sai dai ba a filin dillalai aka fi samu ba, kuma ba a rana ɗaya ba. Mutane suna sayar da mota saboda sauyin wurin aiki, ko iyali sun ƙaru, ko hidimar aure, ko kuɗin makaranta, ko rabon gado, ko tsadar mai ta sa mai biyu ya rage ɗaya. Irin waɗannan ta bakin abokan aiki da 'yan uwa ake jin su. Idan an samu kuma, bincike ne zai tabbatar, kuma binciken bai fi ƙarfin kowa ba. A je da safe kafin a tayar da ita, domin inji mai sanyi ba ya ɓoye ƙara ko shuɗin hayaƙi. A buɗe murfin baƙin mai, idan an ga wani abu fari-fari kamar madara a jikinsa to ruwa yana haɗuwa da mai. A ɗaga kafet a duba ƙarƙashin kujeru da ramin safaya, busasshen laka ko tsatsa a wurin alamar ambaliya ce. A murɗa makulli a ga duk fitilun gargaɗi sun kama sannan sun mutu bayan inji ya tashi, domin wadda ba ta kama ba sam, cire ta aka yi. A sa na'urar kwamfuta ta karanta ta, a hau da ita babban titi a ji yadda giya take shiga, a leƙa ƙarƙashinta a rami. A gwada lambar shasin da ke jikinta da wadda ke takarda, a tantance takardar kwastan a ofishinsu, a tantance lamba a wurin hukumar kiyaye haɗurra, a rubuta yarjejeniya da shaidu. Bakaniken da zai duba kuma ya zama na mai saye, wanda shi ya biya shi, ba wanda dillali ya kawo ba.

Akwai inda nake sallama wa ɗaya ɓangaren ba tare da ja ba. Wanda kuɗinsa ya isa ya sayi 'yar Kwatano mai tsabtataccen tarihi, ya ga hotunanta na wurin gwanjo kafin a taɓa ta, ya tabbatar da harajinta, kuma bayan ya biya yana da abin gyara a ajiye, to ya saya, ya yi dabara. Haka wanda yake baƙo a gari, ba shi da wanda zai kai shi ga mai mota na gaskiya, ko wanda aikinsa na doguwar tafiya ne kullum da iyali a ciki, yana da dalilin fifita wadda ba a taɓa buɗe injinta ba kuma jakunkunan iskarta suna nan. Batun tsaron rai ba abin wasa ba ne, kuma idan zaɓi ya tsaya tsakanin ta hannu da aka yi wa aika-aika da 'yar Kwatano mai lafiya, babu wata gardama. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ci bashi mai nauyi, ko a taɓa jarin kasuwa, ko a bar gida babu abinci, don kawai a ce motar ba ta taɓa lamba ba. Wannan yabon na mako guda ne, biyan bashin kuwa na shekaru.

Saboda haka, ga wanda yake shirin sayen motarsa ta farko da kuɗin da ya sha wuya kafin ya tara, shawarata ita ce ya fara yanke abin da zai ajiye domin takardu da tayu da gyara, sannan ya nemi mota da abin da ya rage. Ya zaɓi ƙaramin inji da irin da garinsu ya sani. Ya fifita wadda zai iya zama da mai ita ya yi masa tambayoyi a kan wadda ba wanda ya san inda ta kwana. Kada ya biya ko sisi sai bakanikensa ya duba, an kuma tantance takardu. Idan ya yi shekara biyu ko uku da ita, hannunsa ya faɗa, ya san kuɗin riƙon mota da ƙarar ciwonta, lokacin ne zai shiga kasuwar 'yan Kwatano da idonsa a buɗe. Kafin nan, ta hannu mai lafiya da ragowar kuɗi a aljihu ita ce zaɓin da ya fi dacewa da shi.